Ɗaurin Karabat na Mahaifina

Mahaifina tafinta ne a asibitin mishan, kuma dattijon ikilisiya. Kowace Lahadi yakan sa farar riga da kwat, ya ɗaura karabat, wato laktaye. Ɗaurinsa babba ne mai kusurwa uku, wanda ke cika wuyan riga har ba a ganin maɓalli. Da an dawo daga sujada yakan kwance shi, ya naɗe, domin a ganinsa rago ne ke barin ƙulli ya kwana.

Ni ne ɗan fari. Bai taɓa kiran sunana ba, ba ya kuma yi mini magana kai tsaye, sai dai ya ce wa mahaifiyata, "Gaya ma wancan." Saboda haka bai koya mini ɗaurin ba. Daga bakin ƙofa na koya, ina kallon bayansa yana fuskantar madubi.

A shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi, hawan jini ya shanye masa ɓarin dama. Na baro aikina a Madawa na zo jinya. Bayan an sallame shi ya iya takawa da sanda, amma hannun bai dawo ba. Tun daga nan ya daina fita. Masu gaisuwa ma ta bakin mahaifiyata yake amsa musu. Lokotoro, wato likita, ya gargaɗe mu cewa idan ya ci gaba da zaman ɗaka, ƙafar ma za ta mutu.

Bayan an gama yankan gero sai wansa ya zo daga Dewule. Shi musulmi ne, manomi, kuma shi kaɗai ke iya yi masa faɗa. Ranar Lahadi da safe ya shiga ɗakin, ni da mahaifiyata muna biye.

"Tashi ka tai wurin ibadarku," in ji shi. "Ga riga tau, in ba ka aro."

"Yaya, ban taɓa shiga can da babbar riga ba."

"To sai da igiya? Mu can akuya muka ɗaure ma wuya, ita ko kuka takai. Kai kau kuka kakai don an kwance ka."

Mahaifina bai yi dariya ba. Ya ce ba zai tsaya gaban jama'a da wuya a sake ba, a ce ga abin da ya rage na wane.

Na yi abin da na ga ya dace. Na fita waje, na ɗaura karabat ɗin a wuyana, na sassauta, na cire ta kai, na ba mahaifiyata ta sa masa. Ya dubi madubi. Wuyansa ya fi nawa kauri, harshen karabat ɗin ya tsaya can saman ciki.

"Gaya ma wancan wanga ba nau ba ne," in ji shi.

Na durƙusa a gabansa na gwada, amma hannuna ya rikice, domin ban taɓa ganin ɗaurin ta gaba ba. Saura hanya guda, in tsaya a bayansa, bisa kansa, hannuwana a wuyansa. A gidanmu ɗa ba ya yin haka, balle ɗan fari. Na tsaya ina duban ƙasa.

Wan mahaifina ya ce, "Ni ab babba nan. Ni na sa ka. Zagaya."

Na zagaya. Na tayar da wuyan rigar, na ɗora karabat ɗin, faffaɗan harshe a dama. Na gitta shi bisa siririn, na shigar ta wuya, na fito. Na kewaya ta baya, na sake shigarwa ta ɗaya gefen, don ƙullin ya yi kafaɗu biyu. Sannan na rufe ta gaba, na ɗaga, na zura. Ina jin numfashinsa a bayan hannuna. Ban san furfurarsa ta kai haka ba.

Ya kama siririn harshen da hannun hagu, ni na riƙe ƙullin. A cikin madubi idonsa ya faɗa cikin nawa, bai kawar ba.

"Ja," in ji shi. "Ƙara kaɗan. Ya isa."

Mahaifiyata ta juya ta fita da sauri, wai ta bar tukunya a wuta.

Muka kama hanya a hankali, yana dafe da kafaɗata, wansa na gefe yana yi masa tsiya. Wan ya tsaya a gindin itacen bedi, ya ce nan zai jira. An riga an fara waƙa. A bakin ƙofar majami'a mahaifina ya sake ni, ya gyara riƙon sandarsa, ya shiga shi kaɗai.