Ayun da Kwalba Ta Ce Babu

Jama'a, ban iya tsara labari ba, amma wallahi wannan a kaina ya faru, shekarun baya, lokacin da nake aikin ɗibar ruwan gwaji a gulbin Rima, tsakanin Goronyo da Wurno. Duk abin da ke rayuwa cikin ruwa yana barin ɓurɓushin jikinsa, ko majina ko saɓar fata, to mu sai mu cika kwalba, a tace, a kai ɗakin gwaji a gano mai shi. Ayu muke nema, dabbar nan mai shayar da ɗanta nono, wadda aka daɗe ba a gani ba.

Akwai wani gurbi mai zurfi da manoman albasa ke shirin kafa wa injinan ban ruwa. Hukuma ta ce in an tabbatar da ayu a ciki za a hana, in babu kuwa shi ke nan. Wani tsohon masunci, Baba Ummaru, shi ya ɗaga hankalinsa a kan gurbin, yana cewa akwai ayu a ciki, har mutane na yi masa kallon mai taɓin hankali. Ni ma, Allah Ya yafe mini, haka na ɗauke shi.

Wata rana bayan azahar ya tuƙa ni a kwalekwalensa zuwa tsakiyar gurbin. Na sunkuya da kwalba ke nan sai na ji huci mai ɗumi a hannuna, yana warin ɗanyar ciyawa. Ga hanci nan kamar na saniya, ga ƙananan idanu suna kallona.

"Baba, mi ne ne wanga?"

"Ɗebi ruwanka, ɗana," in ji shi, hawaye na bin gemunsa. "Shi na. Ai na hwaɗa musu shina nan."

Ruwan da ke gangarowa daga bayan ayun na tara, da hannun nan nawa. Na koma gida da murna, har na yi wa tsohon alkawarin gurbinsa ya tsira.

Da sakamako ya fito, sauran kwalabe duk ga tarwaɗa, ga kwaɗi, ga shanun da ke shan ruwa a gaɓa. Wannan kwalbar kuwa babu ayu, babu kifi, babu komai, sai ka ce ba a taɓa halittar rai a ruwan ba. Aka sake gwadawa, haka. Na rantse, na yi faɗa, maigidana ya ce rana ce ta buge ni.

Aka kafa injina. Kafin damina gurbin ya ƙafe, kuma a cikin taɓon ƙasansa aka tono haƙarƙarin ayu, baƙi ƙirin, ya yi shekara da shekaru a binne. Baba Ummaru ya tsuguna ya daɗe yana shafa shi, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Kai ma ka gane shi da rai, ko?"

Na ce na gani, Baba. Tsohon bai ga wata damina ba.

Har yau ban san abin da ya hura mini numfashi ba, kuma baƙin cikin bai sake ni ba. Shawarata, in tsoho ya ce muku akwai abu a ruwan garinku, ku tsaya masa tun ruwan yana nan. Ni na tsaya jiran takarda.