Ranar da Inna Ta Ce In Karanta Mata Yasin

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu ina da shekara talatin da bakwai, ina jan wata tsohuwar fijo daga tashar Kaura Namoda zuwa Zurmi, ranar Alhamis kuma in juya kasuwar Shinkafi. Ina cikin direbobin da suka kwashi mutane kyauta zuwa Gusau ranar taron, na yi kabbara har muryata ta dishe. Da muka dawo na bar gemu, na ɗage wando, na daina zaman karta a bayan tashar jirgi, wanda ko ban daina ba an riga an watse wurin. Abokan aikina suka fara kirana Ustaz, da farko da wasa, daga baya sunan ya bi ni.

Abin da ba wanda ya sani shi ne ban iya karatu ba. Ina kan ƙananan surori mahaifinmu ya rasu, na ajiye allo na bi kawuna harkar mota, ɗan abin da na iya ma ya zube a hanya. Salla kuwa ina yin ta ne idan da idon mutane. In ni kaɗai ne a kan titi, azahar takan wuce ni, in ce sai na sauke fasinja, la'asar ta zo ta same ta. Asuba sai rana ta tashe ni.

A lokacin an buɗe karatun magidanta a masallacin bayan tasha, kullum bayan la'asar. Niyyar shiga ina da ita, Allah ya sani. Na ce sai na sauya injin mota. Da na sauya, na ce sai azumi. Azumi ya zo ya wuce, na ce bari damina ta fita. Gaskiyar maganar ita ce kunya nake ji in zauna gaban waɗanda ke ce mini Ustaz a ji ina tuntuɓe a Fatiha.

Inna, mahaifiyarmu, tana ƙauyenmu can gefen Birnin Tsaba tare da yayata, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Ni ne autan Inna, kuma da Auta take kirana har na yi furfura a gemu. Duk zuwan da zan yi sai ta tambaye ni ko na shiga karatun da ta ji ana yi a birni. Wata rana na gaji da tambayar na ce na shiga. Ta ce ina muka kai. Bakina ya riga ni, na ce malam ya fara biya mana Yasin. Ta ɗaga hannu sama ta yi ta godiya, kafin in bar garin maƙwabta sun ji. Tun daga ranar, in na je sai in ƙara wa ƙaryar wani abu don ta tsaya da ƙafarta.

Cikin tsakiyar damina, ina tashar Zurmi da hantsi ina jiran mota ta cika, wani mai babur ɗan ƙauyenmu ya tsaya gabana ko injin bai kashe ba. Ya ce Yaya ta aiko shi, jikin Inna ya tashi, numfashi na yi mata wuya. Na sauke mutum huɗun da suka riga suka shiga, na kama hanya.

Na same ta zaune an jingina ta da bango, don ba ta iya kwanciya. Ƙafafunta sun kumbura har fatar tana sheƙi. In ta ja numfashi sai ka ji wani ƙara a ƙirjinta kamar ana tafasa ruwa. Muka ɗauke ta ni da Yaya muka sa a kujerar baya, Yaya ta zauna ta rungume ta ta baya. Ana kiran azahar muka fita gari. Na ji kiran, na ce a raina in mun isa asibitin Kaura na yi.

Tsakanin ƙauyenmu da kwalta akwai wani rafi da ba shi da gada. Yawancin kwanaki yashi ne kawai, ka ba mota wuta ka wuce. Da safen nan na haye shi ruwa bai kai rabin taya ba. Amma an yi ruwa can gabas inda ba mu gani ba, da muka iso sai na tarar da shi ya cika baki da baki, jajawur, yana jan karan gero da rassan itace. Mutane na tsaye a gaɓa, masu jakuna da masu kekuna da mata da ƙoren nono, kowa ya zuba wa ruwa ido.

Na fita na tambayi wani dattijo mai jaki yaushe zai janye. Ya ce in ba a ƙara wani ruwan a sama ba, wataƙila kafin faɗuwar rana. Na ce ina da marar lafiya. Ya leƙa cikin motar ya dawo, ya ce, "Ka shiga ruwan ga yanzu, ku ukun duka za a nema." Wata hanyar babu, sai zagayen da ya fi jiran nisa, shi ma laka ce.

Na koma na zauna a mazaunin direba, na riƙe sitiyari da hannu biyu ba tare da na san dalili ba. Yaya tana yi wa Inna fifita da bakin mayafi. Na kafa wani kara a bakin ruwa don in gane ko yana ja baya, duk bayan ɗan lokaci in fita in duba. Karan bai nuna komai ba.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba sai na ji muryarta.

"Auta."

Na juya. Leɓɓanta sun yi duhu.

"Karanta mani Yasin."

Na ce, "Inna, ki bari mu haye. Asibiti za mu, za ki samu sauƙi."

Ta girgiza kai. Sai da ta huta kafin ta iya haɗa maganar. "Ban san ko ina haye ruwan ga ba. Karanta."

Yaya ta dube ni, hawaye na zuba, ta ce, "Mi kaka jira? Ba ka ji abin da ta ce ba?"

Na buɗe baki. Na yi bisimilla da ƙarfi, na faɗi kalmar farko, wadda kowa ya sani. Daga nan babu komai. Na sake bisimilla, ko wani abu zai biyo baya daga abin da kunnena ya sha ji a wurin zaman makoki. Na fara wani gunaguni a maƙogwaro mai kama da karatu, ina fatan ƙarar ruwa za ta rufe. Tunanin da ya zo mini shi ne in ci gaba da gunagunin, tsohuwa ce, tana fama da ranta, ba za ta gane ba. Na yi kamar numfashi uku a haka. Sai na ga idonta a kaina, a buɗe, tana sauraro da dukkan ƙarfin da ya rage mata.

Na daina gunagunin.

"Inna, ban iya ba."

Yaya ta ce, "Ka manta dai. Natsu ka tuna."

"Ban manta ba, Yaya. Ban taɓa iyawa ba. Ban shiga karatun ba ko rana ɗaya."

Yaya ta daina fifitar. Ta ce, "Shekara guda kana faɗa mata..." sai ta kasa ƙarasawa. Inna ta rufe ido. Na ɗauka shi ke nan, na kashe ta da bakina. Na zagayo na buɗe ƙofar baya na durƙusa cikin laka ina kiran ta. Ƙirjinta na hawa yana sauka, ƙaran nan yana nan.

Can ta buɗe ido ta ce, "Mi ka iya?"

Na ce Fatiha da Ƙulhuwa.

"Karanta."

Na fara Fatiha. Ban kai tsakiya ba ta ɗaga yatsa. Ta faɗi kalmar yadda take, da ƙyar, na maimaita. Na ci gaba, ta sake ɗaga yatsa. Sau uku tana tsayar da ni a surar da nake tsammanin ita kam na iya. Matar da ba ta taɓa shiga aji ba, abin da ta riƙe tun gidan ubanta ne, kowace gyara sai ta saye ta da numfashin da ba ta da shi. Yaya na cewa, "Inna, ki bari, ki huta," ita kuwa ba ta sauke yatsan ba sai da na kai ƙarshe daidai.

A gaɓa mutane sun fara alwala da ruwan rafin, dattijon nan mai jaki ya shimfiɗa rawaninsa a kan ciyawa. La'asar ta yi. Inna ta ji motsinsu ta ce, "Ka yi azahar?"

Na riga na buɗe baki zan ce na yi. Na haɗiye, na ce ban yi ba.

"Tai ka yi."

"Inna, in mun haye. Ba ni barin ki a haka."

"Yanzu."

"Idan wani abu ya faru ina can fa?"

Ta dube ni, ta ce, "To mi za ka yi mani in kana nan?"

Na tashi na gangara bakin ruwa. Na yi alwala. Na tsaya gefe na fara rama azahar, bayana yana fuskantar motar, kunnena duka yana can. Duk sujadar da zan yi ina jiran in ji salatin Yaya. A raka'a ta uku na ji ta ɗaga murya, saura kaɗan in sallame in ruga. Ban san abin da ya riƙe ni ba. Na ƙarasa, na waiga, na hango Yaya tana ba ta ruwa a murfin buta, ashe ruwan take cewa a miƙo mata. Na shiga sahu bayan mai jakin muka yi la'asar. Wannan ce salla ta farko da na yi a rayuwata ina jin tsoro tun daga kabbara har sallama, kuma ban iya rarrabe tsoron Allah da tsoron abin da ke cikin motar ba.

Rana ta yi ja kafin ruwan ya sauka zuwa gwiwa. Maza wajen goma suka tuɓe riguna suka kama motar ta kowane gefe, na cire bel ɗin fanka don kada ya watsa wa injin ruwa, na sa giya ɗaya. A tsakiya ta yi tari sau biyu kamar za ta mutu, ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ya jiƙa ƙafafun Inna, mutanen suka yi kabbara suka tura. Muka fita. Ko tsayawa in yi musu godiya yadda ya kamata ban yi ba, hannu kawai na ɗaga.

An ba ta gado a asibitin Kaura, aka yi mata allurai, numfashin ya ɗan lafa. Yaya ba ta yi mini magana ba sai abin da ya zama dole.

Washegari bayan la'asar na tafi masallacin bayan tasha. Mutum kamar ashirin ne zaune, fiye da rabi na san su, direbobi da masu faci da masu sayar da mai a galan. Malamin ya yi mini maraba, ya ce ai da na zo tuntuni na taimaka masa da na baya. Ya tambaye ni inda na tsaya. Na ce a fara mini daga Fatiha. Wani direban Gusau ya fashe da dariya, yana tsammanin wasa nake. Da ya ga fuskata ya haɗiye dariyar. Malamin ya matsa ya ba ni wuri kusa da shi.

Da na koma asibiti na faɗa wa Inna. Ba ta ce madalla ba. Ta ce, "Biya mani abin da aka biya maka." Na biya. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta gyaɗa kai. Haka muka yi kwana uku, in je in dawo in biya mata. A rana ta huɗu da hantsi jikin ya rikice. Wani tsoho da ke jinyar ɗansa a ɗakin maza shi Yaya ta kira ya karanta wa Inna Yasin, ni ina riƙe da hannunta. Kafin azahar ta cika.

Ba zan ce na zama wani mutum daban tun daga ranar ba. Asuba ta ci gaba da ba ni wuya, akwai kwanakin da na fasa zuwa karatu don mota ta cika. Yaya ta yi wata biyu kafin ta sake yi mini dariya.

Alhamis ta farko bayan sadakar bakwai na koma aiki. Na ɗauko 'yan kasuwa daga Shinkafi da yamma, mota cike da buhuna har bisa. Muna isowa Moriki na ji ana kiran la'asar. Ƙafata ta ƙi sauka daga kan totur, raina yana cewa Kaura ba nisa, in mun isa na yi. Sai da na wuce masallacin da 'yar tazara sannan na taka birki na dawo da baya. Wani mai sayar da albasa da ke gaba ya hau faɗa, ya ce zai rasa motar Gusau, ya ce motocin direbobi nawa ya hau ba wanda ya taɓa yi masa haka. Na ce ya yi haƙuri, na zare makulli na sa aljihu, na ɗauki butata. Ina cikin wanke ƙafa ya zo ya tsaya kaina yana ta mita, sannan ya ce in na gama in bar masa sauran ruwan.