Koren Ƙwallo da Hanyar Argungu

Motar da na gada daga kawuna ba ta da sifirin, ba ta da shokazoba. A kan ƙwallaye take tafiya. Tsohuwar ƙirar Faransa ce. In an kashe ta sai ta sauka a hankali har cikinta ya kusa taɓa ƙasa, in an tayar da ita sai ta ɗaga baya tukuna, sannan gaba, kamar raƙumi. Ƙwallayen na ƙarfe ne, koraye, kowanne bai kai kankana ba, ɗaya a saman kowace taya. A cikinsu akwai iska da aka matse, da wani koren mai, da fatar roba a tsakani. In iskar ta tsere, mota ta koma amalanke. Tawa ta tsere tun kawu yana da rai.

Ban damu ba sai da matata ta samu cikin fari. Wata rana muna dawowa daga awo, na faɗa wani ɗan rami a Nasarawa, kanta ya taɓa rufi. Ta gyara ɗankwali ta ce, "Malam, wagga mota taka, in an aza tiren shinkafa a baya, kahin mu kai gida ta sheƙe kanta."

Matata ɗiyar masunta ce daga Argungu, kuma ba ta ƙawata magana. Ni kuwa na tashi ne a kan littattafan soyayya na haya. A cikinsu duk wata magana mai nauyi a mota ake yin ta. Namiji yana tuƙi da hannu ɗaya, mota tana tafiya kamar a kan auduga, ya juyo ya faɗi abin da mace za ta riƙe har tsufanta. Tun da muka yi aure ban samu faɗa mata irin wannan ba. In na fara a gida sai ta taɓa goshina ta tambaya ko zazzaɓi ne.

Lokacin goyon ciki ya matso. Za ta tafi gidansu ta haihu, ta yi wankan jego, ba zan sake zama da ita mu biyu ba sai bayan watanni. Sai na ajiye maganata don hanyar Argungu. Na shirya ta tsaf, ina bitarta kullum a hanyar wurin aiki. Na ma zaɓi wurin da zan faɗe ta, daidai fadamar Zauro, inda shinkafa take kore har ƙarshen gani.

Gwaggonta, ƙanwar mahaifinta, ita za ta zo ɗaukarta. Ta taɓa shiga motata sau ɗaya lokacin biki. Ta aiko ta waya cewa ba za a saka mata ɗiya mai ciki a cikin turmi ba, motar haya za su shiga. Matata ta roƙa mini arziki. Gwaggo ta ce in turmin ya gyaru, za ta duba.

Makanikan Birnin Kebbi sun yi mini ladabi. Duk wanda na kai wa sai ya buɗe bonet, ya daɗe yana kallo, ya rufe, ya tambayi lafiyar iyali. Ɗaya ya ce a cire komai a yi mata waldar sifirin ɗin wata motar. A ƙarshe wani direban da ke kai albasa kudu ya samo mini ƙwallayen da gwangwanin koren mai, ya kawo su cikin buhun albasa ana gobe Gwaggo za ta zo. Na nemo bidiyon wani tsohon Bature mai furfura yana canza nasa a bayan gidansa. Ba na jin yarensa, amma hannunsa nake kallo. Mai walda ya haɗa mini sarƙar babur da guntun rodi, abin kama ƙwallo ya samu.

Gidan da muke haya a Gesse yana da tudun siminti a bakin get, wanda mai gidan ya gina don tare ruwan damina. Motata ba ta haye shi sai na ja ɗan hannun da ke kusa da giya, ta miƙe iya tsayinta. Haka na shigo da ita tsakar gida da safe, na fara aiki yadda tsohon ya yi. Tana tsaye na ɗan sassauta ƙwallayen baya. Na dama ya ƙi, na sa guduma, kajin matata suka watse. Sannan na sauke motar har ƙasa, na kwance wani ɗan noti a gaban inji, ta yi wani dogon huci kamar saniya ta kwanta. Na cire tsofaffin ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya. Na baya na hagu ya feso mini koren mai daga haɓa zuwa cibiya. Na jiƙa zoben roba da mai, na zaunar da shi a bakinsa, na murɗa sababbin da hannu kawai kamar yadda na gani. A nan tsohon ya share hannu, ya yi murmushi, bidiyo ya ƙare. Ni ma na share hannu na yi murmushi.

Na tayar da mota. Inji ya kama, mota ba ta motsa daga ƙasa ba. Na ja hannun sama, na mayar ƙasa, na sake ja. Na ƙara mai. Na kashe na kunna. Tana kwance, tudun get yana gabanta, kuma a haka ko tabarma aka ninka ba za ta haye ba.

Ana cikin haka Gwaggo ta yi sallama. Na durƙusa na gaishe ta, rigata kore shar. Ta amsa, ta dubi motar.

"Madalla. Ita ma ta san surukai, ta durƙusa tun ban shigo ba."

"Gyara nake, Gwaggo."

"Da can dai tana tahiya ko?"

"Tana yi."

"To, Allah shi ƙara basira." Ta juya wurin matata. "Ke, haɗa kayanki. In na yi azahar tasha muka nuha."

Aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar darbejiya, aka kawo fura, ta zauna ta fuskanci motar. Ban taɓa aiki ana kallona haka ba. Ta tambaya ko tsofaffin ƙwallayen za su yi nauyin tarun kamun kifi, ta ce a ajiye wa yayanta, surukina, guda biyu. Na sake kallon bidiyon daga farko, tsohon ya sake murmushi a wuri ɗaya. Matata ta fito da jakarta, ta tsaya a bayana tana leƙen wayar.

"Malam, wanga abu da ke ƙasa mi ne?"

"Wani bidiyon ne daban."

"Tsohon guda ne, rigar guda ce." Ta danna da yatsa. "Kai da ka ƙare ƙuruciyarka kana neman littahi na biyu a kasuwa, yau ka tsaya a na ɗaya?"

Kashi na biyu gajere ne. Tsohon ya tayar da inji, ya bar shi yana aiki kaɗan, ya ɗauki sifana ya ɗaure ɗan notin nan na gaban inji. Nawa yana nan a kwance tun safe, man yana ta zagaye yana komawa tankinsa. Na ɗaure shi. Wani abu ya yi ƙas a ciki, baya ya ɗaga, gaba ya biyo. Gwaggo ta ajiye ludayi.

Ba ta yarda nan take ba. Ta sa na danna bayan motar da hannu. Ya nutse a hankali, ya taso a hankali. Ta zo ta danna da kanta, ta sake dannawa, ta ce kamar kwalekwale. Ban san ko yabo ne ba, amma bayan azahar ta ce a zuba kaya.

Na yi wanka na sa farar shadda da turare. Na buɗe wa matata ƙofar gaba. Gwaggo ta ce Allah shi yi mini albarka, ta shiga ta zauna. Matata ta shiga baya da jakunkuna.

Na yi lissafi a raina cewa maganar za ta iya bi ta madubi, in na rage murya, in kuma na cire wurin da na ambaci idanunta. Muka haye tudun get ba wanda ya ji. Muka bar gari. Ramukan da na sani ɗaya bayan ɗaya suka zo suka wuce a ƙarƙashinmu, mota tana lilo kaɗan. Gwaggo ta fara ba ni labarin wani maƙwabcinsu da kada ya cinye wa komar kamun kifi, ba ta kai wurin da kadan ya fito ba kanta ya kwanta a jikin gilashi.

Da fadamar Zauro ta buɗe, na gyara murya na ɗaga ido zuwa madubi. Matata tana barci, bakinta a ɗan buɗe, hannunta a kan ciki. Makonni ke nan ba ta samun barci, ta juya nan ta juya can, ta tashi ta zauna a bakin gado tana tausa ƙafa. Na riƙe jimlar farko a bakina har shinkafar ta ƙare. Daga nan na rage gudu, masu babur ɗauke da buhuna suna wuce ni suna waiwaye.

A ƙofar gidansu a Argungu mata suka fito suka kewaye matata. Mahaifinta yana zaure, ni kuma suruki ne, ba na ɗaga kai a wurin. Ta juyo kafin ta shige, shaidar kujera a kumatunta, ta matso kusa da tagar mota.

"Tun da cikin ga ya tsufa ban yi kwana irin wanga ba," ta ce. "Ka riƙa ba kaji ruwa da sahe."

Na ce to.