Goma ga Wata

Shekarar da ruwa ya yanke hanyar garinmu, muka koma shiga Haɗeja a kwalekwale, ita ce shekarar da malaminmu na ajin yaƙi da jahilci ya ce za mu yi wasan kwaikwayo ranar rufe aji. Ni aka ba matsayin manomin da wasiƙa ta zo masa, ya karanta da kansa. Iyalina ba su taɓa jin na yi karatun boko ba. Na ce su shirya zuwa kallo.

Malam yana da doka. Wanda ya makara gwaji, a ja masa sanda ɗaya gaban sunansa a allo. In ta kai uku, a ba wani matsayinsa. Sau biyu mai kwalekwale yana tsayawa lodin kwandunan kifi, na samu biyu.

Da yankan shinkafa ya zo, Malam ya ba mu hutu.

"Mu dawo goma ga wata, bayan la'asar. Baba, saura maka ɗaya fa. Kwafa."

Na kwafi lambar daga allo. Kalmar da ke gefenta ta yi mini tsawo, na bar ta. A gida na ƙirga daga tsayuwar wata, yadda muke ƙirga azumi. Ran goma, tun azahar ina ƙofar aji.

Tela ɗan ajinmu ya shigo, wasiƙata ta wasan a aljihun rigarsa.

"A'a, mutanen fadama! Kada ne ya riƙe ka kwana huɗu?"

Na ce yau ne goma.

"Na Bature nake nufi, Baba," in ji Malam. "Yau sha huɗu. Ai har sunan watan na rubuta."

Ya daɗe riƙe da alli.

"In na ɗaga maka, me zan gaya wa wanda na cire kafin hutu?"

Na ce haka ne. Ya ja ta ukun. Ban ji komai ba, sai dai na lura ta fi sauran gajarta. Aka ce in riƙa jan labule, na ja har ranar wasa. Iyalina na ce su zauna a gida, ruwa bai janye ba.

Abin da ya tafi: yammaci ashirin da shida na gwaji, layi tara da na iya karantawa ba gargada, da babbar riga ɗaya ta aro da na mayar ban sa ba.