Rigar da Ɗanyaro Ya Tuɓe a Paris

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki unguwar La Guillotière ta birnin Lyon ya san Malam Ɗanyaro tela. Shagonsa ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin mahaucin Larabawa da mai gyaran salula, keke biyu da dutsen guga ɗaya, sai hoton shugaban ƙasarsu a bango wanda rana ta cinye wa launi. Shekara ashirin da shida ke nan da zuwansa Lyon. Ya yi wankin kwanoni, ya yi sharar ofisoshi, kafin Allah ya ba shi wannan lungu. Kullum da safe yakan fito daga gidansa a Vaulx-en-Velin, bayan gari, ya hau bas ya kama jirgin ƙarƙashin ƙasa, riƙe da kwanon abincin da matarsa Sabuwa ta zuba masa. Ba mai hayaniya ba ne. Amma taɓa jam'iyyarsu, mai alamar tulu, ka ga wani mutum daban, har da almakashi zai riƙa nuna ka.

Abin a jininsu yake. Ƙanensa Mika'ilu, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne sakataren jam'iyya a garinsu. Malamin makaranta ne da ya kwashe shekaru yana bin ƙauyuka a kan babur yana nema wa ɗan takararsu ƙuri'a, tun mutumin ba shi da ko motar kansa. A zaɓen farko Mika'ilu ya aiko wa yayansa turmin atamfar jam'iyya, koriya mai ɗigon rawaya, tulu a gefe, fuskar ɗan takara a gefe. Ɗanyaro ya ɗinka wa kansa riga, ya zauna ya yi mata aikin wuya da hannu, kwana tara cur. Ranar da aka ci zaɓe, da ita ya taka rawa a bakin titi, dattijo da shi, Turawa na kallo daga cikin tiram, jirgin nan mai bin tsakiyar titi.

To, mutumin ya hau mulki, kuma ya iya baki, wannan ba mai musu. Yakan tsayar da mota a tsakiyar kasuwa, ya sauko, ya karɓi takardun koke daga hannun talakawa ya cusa a aljihunsa da kansa. Jama'a suka haukace a kansa. Da ya ga haka, sai jam'iyyar da ta goya shi ta fara yi masa nauyi. Manyanta suka ce a riƙa shawara da su, ya ce shi da talakawa yake shawara. Suka ce tsari bai ba shi ikon sauke shugabannin jam'iyya ba, ya hau rediyo ya kira su ɓerayen rumbu. Kafin shekara ta zagayo an fara tsince su ɗaya bayan ɗaya. Aka zo kan Mika'ilu, wai don ya sa hannu tare da sauran sakatarori a takardar neman a kira babban taro. Takarda fa kawai, jama'a! Jandarmomi suka ɗauke shi daga cikin aji, alli na hannunsa.

A gidan kason can, na waje ne ke ciyar da na ciki. Ga Mika'ilu da ciwon sukari. Matarsa Sahadatou tana garinsu da yara, kason kuwa yana babban birni, tafiyar yini guda. Sai matan jam'iyya na birnin suka raba kwanaki a tsakaninsu, yau wannan ta kai masa abincin da ya dace da ciwonsa, gobe waccan, da allurarsa cikin kular ƙanƙara. Wata bakwai ba su fasa ko rana ɗaya ba. Da wannan Mika'ilu ke numfashi.

Ɗanyaro ya rame, amma hoton shugaban nan na shagonsa bai sauke shi ba. In an yi masa magana sai ya ce, "Bai sani ba ne. Na kusa da shi ke wannan aiki. Ranar da ya ji sunan Mika'ilu da kunnensa, ranar za a buɗe ƙofa."

Ana nan sai labari ya zo cewa shugaba zai zo Paris, kuma zai gana da 'yan ƙasa ranar Asabar a wani babban zaure. Ɗanyaro ya sa aka rubuta masa koke da Faransanci mai kyau. Ran Juma'a bayan la'asar Sabuwa ta tarar da shi yana gugar koriyar rigar nan.

"Malam, wannan za ka sa?"

"Ita fa."

"An ce sun buga sabuwar atamfa, fara, fuskarsa kaɗai, babu tulu. Hajiyoyin Paris duk ita suka ɗinka."

"Ni ne tela ko ke? Na gan ta. Ta 'yan bana ce, waɗanda suka zo bayan an sauke tukunya. Ba a zuwa gaban babba sai da rigar da ya san ka da ita. In ya ga wannan zai tuna su wa suka ɗauke shi a kafaɗa."

Sabuwa ta san kayanta, ta koma kan aikinta. Kuma a gaskiya, a tarbiyyar da Ɗanyaro ya tashi cikinta, bai faɗi ƙarya ba. Tsohon anko shaida ce, tana magana tun kafin mai ita ya buɗe baki. Abin da bai sani ba, bawan Allah, shi ne akwai mutumin da ba abin da ya tsana kamar a tuna masa wanda ya goya shi.

Da safe ya kama jirgin ƙasa, rigar na ninke cikin leda don kada ta yamutse. Sai da ya sauka a Paris ya sa ta. Da ya shiga zauren, ko'ina fari tas, shi kaɗai ne kore. Waɗanda ya sani shekara da shekaru suka riƙa kau da kai. Masu tsaro suka tare shi, sai wani mai kwat ya zo ya dube shi sama da ƙasa, ya yi musu raɗa, ya kama hannunsa har sahun gaba. Ɗanyaro ya ce a ransa, alhamdu lillahi, riga ta fara aiki.

Shugaba ya yi jawabi ya yi jawabi, aka tafa har hannu ya yi zafi. Sannan ya sauko karɓar takardu kamar yadda ya saba, da abin magana a hannunsa. Ya tsaya a gaban Ɗanyaro.

"Baba, daga ina?"

"Daga Lyon, ranka ya daɗe. Ƙanena Mika'ilu, malamin nan da ya yi maka yawo a kan babur, yana kaso wata bakwai, ga ciwon sukari. Na zo roƙo ne."

Shugaba ya karɓi takardar, amma bai sa a aljihu ba. Ya kai yatsa ya taɓa tulun da ke ƙirjin rigar, ya juya ga jama'a. "Kun gani? Baba ya zo roƙona sanye da rigar masu cin amanata. To Baba, wanne ne naka, ni ko tulun?"

Zaure ya ɗauka gaba ɗaya: "Ya tuɓe! Ya tuɓe!" Ɗaruruwan salula suka tashi sama. Ɗanyaro ya dubi takardarsa tana lilo tsakanin yatsun mutumin. Ya tuna allura cikin ƙanƙara. Ya sa hannu ya cire hula, ya kama wuyan nan da ya yi wa aiki kwana tara, ya zare rigar ta kansa. Mutum mai shekara sittin da uku ya tsaya da singileti a gaban mata da surukai. Wani ya fizge rigar ya jefar ƙasa aka bi ta kanta, wani ya yafa masa farar atamfa. Shugaba ya rungume shi, ya cusa takardar a aljihu, ya ce, "An gama, Baba." Kunya kamar ta kashe Ɗanyaro, amma a jirgin komawa ya riƙa gaya wa kansa cewa singileti ba komai ba ne in dai Mika'ilu zai fito.

Kwana uku talabijin ɗin ƙasarsu na nuna abin, da rubutu a ƙasa: yayan sakatare ya yi tir da jam'iyya. Ran Laraba da azahar yana kan keke Sahadatou ta kira. Gaisuwar ma a tsaitsaye aka yi ta.

"Yaya, matan nan sun daina kai abinci. Tun ranar Lahadi. Sun ce gidan da ke da shugaba ba ya bukatar kwanonsu."

"Allurar fa?"

"Har ita. Gobe da asuba zan kama hanya."

Ya kira duk lambar 'yan jam'iyya da yake da ita. Wasu ba su ɗauka ba, wasu suka ɗauka suka zage shi tas. Ya kira mai kwat ɗin nan da ya ba shi kati a Paris, waya ta yi ta ƙara.

Ran Asabar da hantsi Sahadatou ta sake kira, muryarta a dushe. Ta ce ta sami Mika'ilu kwance a ɗakin shan magani na kaso, jiya ta yini a gefensa, yau da asuba Allah ya karɓi abinsa. Ɗanyaro ya yi salati, ya sake yi. Can ya tambaya ko Mika'ilu ya bar wani saƙo.

"Ya bari, Yaya. Wani gandiroba ya nuna masa bidiyon a salula. Ya ce in gaya maka ya san dominsa ka yi, kuma ya yafe. Ya ce amma da ka bar shi da masu kawo masa abinci."

Har yau Ɗanyaro na nan a lungunsa yana ɗinki, sai dai duk atamfar da aka kawo mai fuskar mutum, ko wane ne, tura wa mai ita yake yi ba tare da ya ɗaga kai ba. Bayan sadakar arba'in da 'yan kwanaki, mai kai wasiƙu ya kawo masa ƙunshi. A ciki akwai turmin farar atamfa, da takarda mai hatimi da ke gode masa bisa kishin ƙasa, tana kuma sanar da shi cewa ana nan ana duba koken da ya gabatar game da ƙanensa.