Shekarar da Inna Ta Faɗi Sunana

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, don haka tun da aka haife ni ba ta taɓa kama sunana ba. Alkunya ce irin ta iyayenmu. In tana son a kira ni sai ta ce, "Ku kira min wanga." Na haura arba'in, ina da 'ya'ya, ina jan motar haya tsakanin Gusau da Tsafe, amma a bakinta ni wanga ne. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma abin yana ɗan sosa min rai.

Shekarar 2021 ta shigo da sanarwar gwamnati cewa duk wanda bai haɗa layin wayarsa da lambar katin ɗan ƙasa ba za a rufe masa layi. Ƙasa ta ruɗe. Kullum a ce wa'adi ya cika, jibi a ce an ƙara. Inna kuwa wayarta tana ƙulle a bakin zane, kuma ko ba za ta faɗa ba, kiran da nake mata kowace safiya take jira. Na je Bungudu na ɗauko ta zuwa Gusau. Muka bi layi a ofishin katin ɗan ƙasa da takunkumi a haɓa, don ranar zafi ya fi cutar korona ba mu tsoro.

Da aka zo kanmu, ma'aikaciyar ta ɗauki hoton Inna da zanen yatsunta, sannan ta ce, "Inna, sunan magajinki?"

Inna ta nuna ni da baki.

"Sunansa nake so ki faɗa."

"Ga shi nan tsaye, bakinshi lahiya lau. Tambaye shi."

Mutanen layi suka kwashe da dariya. Na tsaya ina ɗan jinkiri ko za ta faɗa, amma ina, bango ta zuba wa ido. Ni na faɗi sunana da kaina kamar sabon ɗan makaranta.

Shekara ta ci gaba da tafiya. Allurar rigakafin korona ta iso, tasha ta rabu biyu, masu cewa a yi da masu cewa a bari a ga yadda waɗanda suka yi za su ƙare. Tsakiyar shekara aka rufe wani shafin sada zumunta, fasinja suka yi ta musu a kai tun daga Gusau har Kwatarkwashi, rabinsu ba su taɓa buɗe shi ba. Ana cikin damina kuma sai aka yanke sabis ɗin waya a jiharmu gaba ɗaya saboda matsalar tsaro, aka rufe kasuwannin ƙauye, man fetur ya koma sai da awo. Layin da muka sha rana dominsa ya mutu murus. Mu direbobi muka koma masu kai saƙo, wannan ya ba ka wasiƙa, wancan ya ce ka gaya wa ƙanensa an haihu.

A cikin makonnin nan motata ta lalace a Tsafe, na kwana uku ina jiran kayan gyara. Ashe a Bungudu jita-jita ta bazu cewa an tare hanyarmu an tafi da direbobi. Ba wayar da za a kira a ji gaskiya. Inna ta yafa mayafi ta hau mota. Ta je gidana a Tudun Wada cikin Gusau, iyalina su ma ba labari, sai ta wuce tasha.

Abin da ba ta sani ba, a tasha ba mai kirana da sunan yanka. Inkiyar da ke rubuce a bayan motata kowa ya sani. Daga baya shugaban 'yan kamasho ya ba ni labari, ya ce ta fara da "Ina wanga yaro mai zuwa Tsahe?" Ya ce mata masu zuwa Tsafe sun fi a ƙirga, ta faɗi suna. Sannan ta faɗa a hankali, ya ce bai san mai sunan ba.

A ranar na shigo tasha da hantsi, na kashe mota, sai na ji ana kiran sunana, cikakke, yadda liman ya raɗa min. Na san muryar, amma ban taɓa jin ta da wannan kalma ba. Ga Inna tana bin motoci ɗaya bayan ɗaya tana tambaya da ƙarfi, mayafinta ya zame. Wallahi na iya yi mata magana tun a mota ta farko. Na tsaya bayan wata bas na bari ta faɗa har sau huɗu, idona ya cika.

Da ta juyo ta gan ni, sai ta gyara mayafi, ta dubi ɗan kamasho ta ce, "Ashe wanga na nan. Ka ce mishi ya maishe ni gida."

Na kai ta Bungudu, tana kujerar baya tana kallon gonakin gero. An dawo da sabis, kiran safe ya dawo, kuma har yau ba ta sake faɗa ba.