Bashin Surukin Halliru

Duk Bahaushen da ya zauna a unguwar Rusholme ta ƙasar Turawa ya san Halliru, injiniyan hanya na council, wato ƙaramar hukuma, mutumin da ko burodi zai sayo sai ya goge takalmi. Shekarar da gwamnati ta fara tsuke bakin aljihu aka sallame shi daga aiki, bai faɗa wa kowa ba sai matarsa Turai. Kullum da safe sai ya ɗauki jaka ya fita, katin bashi na biyan haya da cefane, har katunan suka zama huɗu. Bankunan suka kai shi kotu, kotu ta ce ya biya.

Mafita ɗaya ta rage, ya je ya bayyana cewa ya karye, a yafe masa bashin. Wannan ɗin ma sai da fam ɗari bakwai. Ka ji ƙasa, sai ka biya kuɗi kafin a yarda ba ka da kuɗi!

Ya sayar da motarsa, ya ware ɗari bakwai ɗin. Sauran kuwa ya tura wa Alhaji Falalu, mahaifin Turai da ke unguwar Erdington a Birmingham, wanda ya taɓa ranta masa fam dubu uku. Banki ai ba a haɗa ido da shi, suruki kuwa kowace Sallah sai an durƙusa a gabansa.

Da ya je ofishin ba da shawara kan bashi, wata Baturiya ta duba takardunsa, ta girgiza kai. Ta ce doka ba ta yarda a fifita dangi a kan sauran masu bin bashi ba. Idan ya shigar da maganar karyewar, za a nemi Alhaji ya dawo da kuɗin. Idan ya fasa, masu kwashe kaya na kotu suna nan tafe.

Ranar Asabar ya hau bas zuwa Birmingham yana ta jera kalmomin da zai roƙi Alhaji ya dawo da kuɗin. Ya tarar da Alhaji da baƙi a falo.

"Ga ɗana Halliru!" in ji Alhaji. "Wallahi yaron nan ko reminder ban yi masa ba, sai gani na yi ya biya. Da kuɗin na cika wa Hajiya kujerar Makka. Halliru, ya aiki? Ya council ɗin?"

Halliru ya durƙusa, ya sunkuyar da kai.

"Alhamdu lillahi, Baba," ya ce. "Aiki da godiya."